Tarihin Rayuwar Sun Lutang (1860–1933): Malamin Damben Sinawa da Falsafar Tao

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan abin da Bahaushe ya sani game da damben Sinawa daga majigi ya samo shi. Tun daga shekarun 1970, lokacin da fina-finan Bruce Lee suka cika gidajen silima na Kano da Kaduna, har zuwa yaɗuwar gidajen kallo a garuruwa irin su Tudun Wada da Kiru da Bebeji, an ɗauki wannan dambe a matsayin tsalle-tsalle da harbin ƙafa da karya katako. Sai dai akwai wani ɓangare nasa da ba ya fitowa sosai a majigi, wanda Sinawa suke kira damben ciki, wato wanda aka gina a kan tsayuwa da numfashi da natsuwar zuciya. A wannan babi za a kawo tarihin mutumin da ya fi kowa tasiri wajen rubuta wannan ilimi da danganta shi da falsafar Tao, wato Sun Lutang.

Akwai buƙatar a yi wani ɗan bayani game da sunan. A al'adar Sinawa sunan dangi ne yake fara zuwa, sannan sunan mutum ya biyo baya. Ke nan Sun shi ne sunan danginsa. Da yake wannan kalma ta yi kama da wakilin sunan nan na Hausa da ke cikin jimloli irin su "sun zo" da "sun tafi", za a riƙa kiran sa Lutang a nan gaba domin kauce wa ruɗani.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Lutang a shekarar 1860 a wani ƙauye na gundumar Wan, kusa da birnin Baoding, a lardin da ake kira Hebei a yau, cikin arewacin ƙasar Sin. Sunan da aka raɗa masa shi ne Fuquan. Shekarar haihuwarsa shekara ce ta baƙin ciki ga Sinawa, domin a cikinta ne sojojin Ingila da na Faransa suka shiga Beijin suka ƙona fadar shaƙatawa ta sarki. Daular Cing, wadda take mulki tun 1644, ta riga ta fara raunana, talauci da tarzoma kuma sun addabi ƙauyuka.

Labarin ƙuruciyarsa ya zo ne ta bakin 'yarsa, Sun Jianyun. Ta nuna cewa mahaifinsa ƙaramin manomi ne marar hali, wanda ya yi ƙoƙari ya sa shi a makarantar wani malami, amma karatun bai yi nisa ba mahaifin ya rasu. Wannan ya sa yaron ya shiga barantaka a gidan wani mai dukiya, inda ya sha duka da wulaƙanci. A wannan lokaci ne ya fara koyon dambe a wurin wani malami na yankinsu, da nufin kare kansa. Daga baya ya koma Baoding wurin wani kawunsa mai sana'ar yin alƙaluman gashi, irin waɗanda Sinawa suke rubutu da su. Zamansa a wannan shago ya ba shi damar ci gaba da karatu da gyara hannunsa a rubutu, har ya zama ana yaba kyan rubutunsa. Wannan ne ya bambanta shi da yawancin 'yan damben zamaninsa, waɗanda ba su iya karatu ba, kuma shi ne ya ba shi damar zama marubuci a ƙarshen rayuwarsa.

3.0 Taƙaitaccen Bayani a kan Falsafar Tao

Ba za a fahimci aikin Lutang ba sai an san tunanin da ya gina shi a kai. Kalmar Tao a Sinanci tana nufin hanya ko tafarki. Masu wannan falsafa suna amfani da ita da ma'anar tsarin da dukkan halitta take gudana a kansa. Babban littafinsu shi ne Daodejing, mai babi 81 da kalmomi kimanin 5,000, wanda ake jingina shi ga wani dattijo mai suna Laozi. Littafin ya haura shekara 2,000 a duniya.

Daga cikin ginshiƙan wannan tunani akwai guda huɗu da suka shafi wannan babi. Na farko shi ne cewa taushi yana rinjayar tauri. Misalin da suka fi kawowa shi ne ruwa: ba shi da ƙashi, yana bin duk inda aka karkata shi, amma a hankali yake cinye dutse. Duk wanda ya ga yadda kogin Kano ya ratsa duwatsun dajin Falgore ya sassaƙe su, ya ga abin da suke nufi. Na biyu shi ne barin tilasta wa al'amura, wato mutum ya yi aiki daidai da yanayin abu ba tare da ya yi kokawa da shi ba, kamar manomin da ya san ba ja da hannu ne yake sa dawa ta yi tsawo ba. Na uku shi ne tagwaitakar yin da yang, wato kowane abu yana tafe da kishiyarsa, kamar dare da rana, ko sanyi da zafi, ko motsi da tsayuwa, kuma kowanne yana haifar da ɗan'uwansa. Na huɗu shi ne abin da suke kira da wata kalma da ake furtawa kamar "ci". Asalin ma'anarta numfashi ko tururi, amma sun faɗaɗa ta zuwa ƙarfin rayuwa da suke ganin yana zagaya jiki. A nan za a kira shi ƙarfin numfashi. Suna ganin matattararsa tana ƙasan cibiya kaɗan.

Har wa yau, akwai wani tsohon littafi mai suna Yijing, wato Littafin Sauye-sauye, wanda mabiya Tao da mabiya Konfushiyas duk suke ji da shi. An gina shi a kan alamomi 8, kowace mai zane uku, waɗanda idan aka auna su biyu-biyu suke ba da alamomi 64. Manufar kawo waɗannan bayanai ita ce ɗalibi ya san yadda wata al'umma ta fassara duniyarta, kamar yadda ake nazarin tunanin kowace al'umma ba tare da an ɗauki aƙidarta ba.

4.0 Neman Iliminsa

4.1 Damben Shingyi

A Baoding ne Lutang ya haɗu da Li Kuiyuan, malamin wani salon dambe da ake kira Shingyi, wato damben siffa da niyya. Da Li ya ga hazaƙar yaron, sai ya miƙa shi ga nasa malamin, Guo Yunshen, wanda ya shahara a arewacin Sin saboda wani naushi da yake kaiwa da rabin taku. Lutang ya shafe kimanin shekara 8 tare da Guo. An ruwaito cewa idan malamin zai yi tafiya a kan doki, almajirin a ƙasa yake bin sa, kuma saboda zafin namansa ne Guo ya yi masa laƙabi da biri.

Tushen Shingyi shi ne wata tsayuwa da ake kira tsayuwar jiki uku. Mai koyo zai sa ƙafa ɗaya a gaba, ya karkata nauyinsa ga ta baya, ya miƙa hannu ɗaya, ya ajiye ɗayan kusa da cibiya, ya tsaya haka ba motsi. Akan ɗauki watanni ana wannan kafin a koya wa mutum naushi ko ɗaya. Bayan haka sai naushi iri 5, waɗanda aka danganta da ƙarfe da ruwa da itace da wuta da ƙasa, sannan siffofin dabbobi 12, da suka haɗa da damisa da biri da doki da maciji da zakara da gaggafa.

4.2 Damben Baguwa

Bayan ya ƙware a Shingyi, Lutang ya tafi Beijin wurin Cheng Tinghua, wani mai shagon tabarau, almajirin Dong Haichuan wanda ya rasu a 1882, wanda kuma shi ake jingina wa salon Baguwa. Sunan salon ya samo asali ne daga alamomi 8 na littafin Yijing. Idan Shingyi kai-tsaye yake tafiya kamar mashi, Baguwa zagaye yake yi. Mai koyo yakan yi ta kewaya da'ira yana fuskantar tsakiyarta, tafin hannunsa a buɗe, yana juyawa hagu da dama, domin ya saba da kauce wa hari ya ɓullo ta bayan abokin karawa. Lutang ya yi kimanin shekara 3 a wurin Cheng. Iyalinsa sun ruwaito cewa daga nan ya yi yawon neman ilimi zuwa kudu da yammacin ƙasar, inda ya zauna da masana Yijing da masu zaman kaɗaici na Tao, kafin ya koma gida ya yi aure ya buɗe makaranta.

4.3 Abin da Ya Faru a 1900

A shekarar 1900 aka yi wata babbar tarzoma a arewacin Sin, wadda Turawa suka kira Tawayen 'Yan Dambe. Dubban matasan ƙauye sun tashi domin korar baƙi, suna masu imani cewa wasu tsafe-tsafe da suke yi za su hana harsashi ratsa su, kwatankwacin yadda 'yan tauri suke ɗaukar ƙarfe a ƙasar Hausa. Sojojin ƙasashe 8 suka shiga Beijin, aka kashe mutane masu ɗimbin yawa. Cikin waɗanda harsashin sojojin Jamus ya kashe har da Cheng Tinghua, malamin Lutang. Wannan al'amari ya zubar da darajar dambe a idon masu ilimi, suka riƙa ɗaukar sa a matsayin camfin jahilai. Ya kuma bayyana a fili cewa zamanin da gwanintar hannu take yanke hukunci a fagen yaƙi ya wuce. Tambayar da ta rage ga malamai irin su Lutang ita ce: mene ne amfanin wannan ilimi a zamanin bindiga?

4.4 Damben Taici

Hausawa suna cewa gemu ba ya hana ilimi. Lutang ya haura shekara 50, sunansa kuma ya riga ya zagaya ƙasa, lokacin da ya sake zama almajiri. A wajajen shekarar 1912 wani malamin Taici mai suna Hao Weizhen ya zo Beijin, rashin lafiya ta kama shi a masauki, ba shi da kowa. Lutang ya ɗauke shi zuwa gidansa, ya nemo masa mai magani, ya yi jinyarsa har ya warke. Hao ba shi da dukiyar da zai saka masa da ita, sai ya koya masa Taici ɗin da ya gada daga Li Yiyu, wanda shi kuma ya gada daga Wu Yuxiang. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Daga haɗa waɗannan salo uku ne Lutang ya fitar da nasa salon Taici. Ana gane shi da abubuwa uku: tsayuwarsa ba ta da durƙuso sosai, duk lokacin da ƙafa ɗaya ta yi gaba ko baya sai ɗayar ta bi ta, kuma a kowace juyawa akan buɗe tafukan hannu a gaban ƙirji a sake rufe su daidai da shiga da fitar numfashi.

5.0 Ayyukansa da Muƙamansa

A 1907 Xu Shichang, gwamnan lardunan arewa maso gabashin Sin, ya gayyaci Lutang ya yi aiki tare da shi. A daidai wannan shekara ce aka naɗa Lugga, wanda sojojinsa suka ci Kano a 1903, gwamnan Hong Kong. Bayan faɗuwar daular Cing da kafa jamhuriya a 1912, Xu ya zama shugaban ƙasa daga 1918 zuwa 1922, Lutang kuma ya yi aiki a fadarsa. Haka nan ya koyar a wata cibiyar nazarin motsa jiki a Beijin tare da manyan malaman Taici irin su Yang Chengfu da Wu Jianquan.

A 1928 gwamnati ta kafa babbar cibiyar damben gargajiya ta ƙasa a Nanjin, ƙarƙashin jagorancin Zhang Zhijiang. An raba ta sashe biyu. Aka ba Lutang shugabancin sashen Wudang, wato na damben ciki, aka ba Wang Ziping, wani Musulmi daga Cangzhou, shugabancin sashen Shaolin. Wannan yana tuna mana cewa Musulmin Sin suna da hannu dumu-dumu a wannan fanni. Hasali ma wani reshe na damben da Shingyi ya fito daga cikinsa a hannun Musulmin lardin Henan ya daɗe. Lutang bai jima a Nanjin ba, ya koma cibiyar lardin Jiangsu ya ci gaba da koyarwa.

6.0 Rubuce-rubucensa

Babbar gudummawar Lutang ita ce littattafansa guda 5. Na farko, a kan Shingyi, ya fito a 1915. Na Baguwa ya kammala shi a 1916 aka buga a 1917. Na Taici ya fito a 1921. A 1924 ya fitar da wanda ya tattara koyarwar malamansa da sauran dattawan da ya zauna da su, sannan na takobin Baguwa a 1927. Kafin wannan lokaci, irin wannan ilimi sirri ne da ake ba amintaccen almajiri baki da baki, ko a ɓoye shi cikin rubutun hannu a cikin dangi. Idan malami ya mutu bai sami magaji ba, ilimin ya bi shi kabari. Lutang ya buga shi a fili, da hotunansa yana nuna kowace tsayuwa, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

Abu na biyu da ya yi shi ne bayyana motsin jiki da harshen falsafa. A tsarinsa, mai wasa yakan fara da tsayuwa cik, ba tunani ba niyya, wadda take wakiltar yanayin da babu rarrabewa a cikinsa. Daga nan niyya ta motsa, nauyi ya rabu tsakanin ƙafafu, wato yin da yang sun bayyana. Daga nan sauran motsi suke fitowa, a ƙarshe kuma a koma tsayuwar farko. Ke nan duk wanda ya yi wasan daga farko zuwa ƙarshe ya maimaita da jikinsa yadda masu falsafar Tao suke ganin al'amura suna fitowa suna komawa.

A littafinsa na 1924 ya kawo koyarwar Guo Yunshen cewa ƙwarewa hawa uku ce. A hawa na farko ƙarfi a bayyane yake, ana ganin sa ana jin ƙararsa. A na biyu ƙarfi ya ɓuya, motsi ya yi laushi amma nauyinsa ya ƙaru. A na uku ƙarfin ya narke cikin jiki, har mutum ya daina shirya abin da zai yi, jikinsa yana amsawa da kansa. An daidaita waɗannan hawa da matakai uku na tarbiyyar ciki da mabiya Tao suke bi. Wanda ya lura da masaƙi ko maƙeri da ya tsufa a sana'arsa zai gane abin da ake nufi, domin sabon shiga ya fi shi zufa da hayaniya, amma bai kai shi aiki ba.

Lutang ya kuma yi bayani a kan bambancin damben ciki da na waje. A ganinsa, bambancin ba na sunan makaranta ba ne, ba kuma na saurin motsi ko jinkirinsa ba. Duk wanda ya iya renon numfashinsa ya kwantar da shi ƙasan cibiya, zuciyarsa ta daidaita, to na ciki yake yi, ko da wane salo yake bi. Ta haka ya amsa tambayar da shekarar 1900 ta bari: manufar dambe ita ce gina lafiya da gyaran hali, kare kai kuma reshe ne.

7.0 Ra'ayoyin Masana

Wajibi ne ɗalibi ya bambance tsakanin abin da tarihi ya tabbatar da abin da almajirai suka ƙawata. An yi ta ba da labaran yadda Lutang ya kayar da 'yan kokawar ƙasashen waje, ko yadda yake ɓacewa daga gaban mutum, irin labaran da ake ba da wa game da kowane shahararren ɗan dambe, har a ƙasar Hausa. Irin waɗannan sun fi kusa da adabin baka.

Bugu da ƙari, akwai muhawara a kan tsufan dangantakar dambe da falsafar Tao. Rubutu mafi daɗewa da ya ambaci damben ciki shi ne wanda malamin nan Huang Zongxi ya yi a 1669, inda ya jingina shi ga Zhang Sanfeng, wani mai zaman kaɗaici na dutsen Wudang. Amma masanin tarihi Tang Hao, wanda ya yi bincike a shekarun 1930, ya nuna cewa babu hujjar da ta haɗa Zhang da Taici, ya kuma gano asalin wasan a ƙauyen dangin Chen da ke lardin Henan, a ƙarni na 17. Saboda haka masana da dama suna ganin cewa haɗa salon nan uku a matsayin iyali ɗaya mai tushen falsafa aiki ne na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, kuma littattafan Lutang ne suka kafa shi a zukatan jama'a. Wannan bai rage masa daraja ba, sai dai ya nuna cewa shi mai gini ne, ba mai isar da saƙo kawai ba. Game da ƙarfin numfashi kuwa, likitancin zamani bai gano wani abu mai wannan siffa a jikin mutum ba, ko da yake bincike ya nuna cewa Taici yana taimaka wa tsofaffi wajen daidaita tsayuwa da rage faɗuwa.

8.0 Rasuwarsa da Abin da Ya Bari

A ƙarshen rayuwarsa Lutang ya bar birane ya koma ƙauyen da aka haife shi, inda ya rasu a watan Disamba na 1933. Ɗansa Sun Cunzhou, wanda ya rasu a 1963, da 'yarsa Sun Jianyun, wadda ta rasu a 2003, su suka ci gaba da yaɗa iliminsa. Koyar da 'ya mace wannan fanni har ta zama jagorarsa abu ne da ba a saba da shi ba a zamaninsa. A yau salonsa yana cikin manyan salon Taici guda 5, tare da na Chen da Yang da Wu da Hao. Saboda sauƙinsa ga gwiwa, wani likita a Ostireliya, Paul Lam, ya gina shirin motsa jiki na masu ciwon gaɓoɓi a kansa. A watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sanya Taici cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

9.0 Kammalawa

An ga yadda maraya ɗan manomi ya tashi daga barantaka, ya bi malamai a salo uku, ya kuma rubuta abin da ya koya a lokacin da ilimin yake fuskantar raini da ɓacewa. Darasin da ke nan ga ɗalibin Hausa a bayyane yake. Dambe da kokawa da sharo da langa suna da nasu ƙa'idoji da kalmomi da hanyoyin horo, kuma akwai dattawa a ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji da suka san yadda ake tsayuwa, da yadda ake naɗa zare a hannu, da yadda ake koya wa yaro haɗiye fushi a fage. An yi nazari mai yawa a kan waƙoƙi da kirarin 'yan dambe, amma ilimin jikin kansa har yanzu mafi yawansa a ƙwaƙwalwar masu shi yake. Lutang ya zauna a gaban dattawansa da alƙalami tun suna raye, shi ya sa ake karanta koyarwarsu bayan shekara 100.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Kawo ginshiƙai huɗu na falsafar Tao da aka ambata, ka bayyana biyu daga ciki da misalai daga muhallinka.
2. Bayyana bambancin da ke tsakanin Shingyi da Baguwa da Taici.
3. Ta yaya abin da ya faru a 1900 ya shafi matsayin dambe a ƙasar Sin?
4. Me ya sa masana suke ɗaukar Lutang a matsayin mai gini ba mai isar da saƙo kawai ba?
5. Ziyarci wani tsohon ɗan dambe ko ɗan kokawa a yankinku, ka tattaro kalmomi 20 na sana'arsa tare da ma'anoninsu.